Mujallun Masu Jiragen Ruwa Suna Mutuwa, Mu Kuwa Ko Haihuwar Tamu Ba A Yi Ba

  

Yau zan yi magana ne a kan wani abu da na san da yawa daga cikinku da sun ji za su ce, ina ruwan biri da gada? Maganar ita ce ta ƙananan mujallun da masu jiragen ruwa suke bugawa a Amurka da Ingila, waɗanda a 'yan shekarun nan wasu suka rufe, wasu suka rame, wasu kuma suka bar takarda suka koma intanet. Na san mai karatu zai ce wannan ai damuwar Turawa ce masu kuɗi, waɗanda suka ƙoshi har suke sayen jirgi don shan iska. Ni ma da haka na ɗauke ta. To amma ina roƙon a yi haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe, domin kuwa maganar za ta dawo har bakin mashigar da muke hawa kwalekwale kullum.

Bari in fara da yadda aka yi na san waɗannan mujallu, tunda ni dai ban taɓa taka ƙasar Turawa ba, karatuna kuma a sakandare ya tsaya. Mahaifina ɗan kasuwa ne a nan Apapa, kuma tun kafin a haife ni sana'arsa ita ce sayen tarkacen da ake cusowa a cikin motocin tokumbo. Wanda ya san harkar ya san mota ba ta zuwa wayam. Mai aiko ta sai ya cika ta da tukwane da takalma da tsofaffin rediyo da kekunan yara, duk abin da ke iya fashewa kuma ya naɗe shi da jaridu da mujallu. Baba yakan sayar da kayan daban, takardun kuma mu yara mu ware su mu zuba a buhu, a sayar wa masu tsire da masu ƙosai da masu gyaɗa a kan kilo. Masu tsire ba sa son takarda mai sheƙi don ba ta shan mai, sun fi son mai kaushi irin ta jarida.

A cikin wannan aikin ware takarda, ina ɗan shekara 12 ko 13, na fara cin karo da wata mujalla mai suna SpinSheet da 'yar uwarta PropTalk. Daga baya na gane dalilin da ya sa suke yawan zuwa hannunmu. Motoci da yawa daga tashar Baltimore ake loda su, ita kuwa Baltimore tana bakin ruwan da ake kira Chesapeake, waɗannan mujallu kuma na mutanen wannan ruwan ne, a garin Annapolis ake yin su, kyauta ake ajiye su a shaguna kowa ya ɗauka. Shi ya sa mai naɗe kofuna ba ya jin asara ya yage su. Jefi-jefi kuma wata takan faɗo mai suna Latitude 38 ta mutanen San Francisco, wadda wani mutum Richard Spindler ya kafa a 1977, ita ma kyauta. Nakan ɓoye waɗanda ba su yage ba a ƙarƙashin katifa. Rabin Turancin da na iya a cikinsu na tsince shi, domin malamin Turancinmu ya fi zuwa makaranta ranar albashi.

Wata rana Baba ya kama ni da guda shida a cikin jakar makaranta. Ya juya su, ya dubi hotunan, ya ce, "Kai yanzu waɗannan da ka tare ai sun kai rabin kilo. Me ke ciki da ya fi kuɗinsu?" Na ce, "Baba, labarin ruwa ne." Ya yi dariya ya ce, "To ga ruwa nan a bayan gida, je ka karanta shi kyauta." Amma bai karɓe su ba, Allah Ya saka masa da alheri.

Abin da ya fara ba ni mamaki game da su shi ne ba su damu da duniya ba. Babu labarin shugaban ƙasa, babu na yaƙi. Mujallar mutanen Chesapeake maganar Chesapeake kawai take yi. A kowane wata akwai shafin da aka jera lokutan cikar ruwa da janyewarsa na kowace rana, awa da minti, da ƙarfin gudun ruwan a mashigai daban-daban. Akwai jerin tarukan watan. Akwai sanarwar cewa mashiga kaza yashi ya cike ta, a bi ta gefe kaza, ko gada kaza ana gyara ta. A bayan mujallar akwai ƙananan tallace-tallace rututu: wane zai sayar da jirginsa, wane yana neman tsohon inji, wane makaniki ne, wane yana neman wanda zai taya shi tuƙi. Sai kuma wasiƙun masu karatu, waɗanda a Latitude 38 sukan ci shafi da shafi, ana musu ana gyara wa juna zance.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne yadda suke ba da labarin haɗari. Mutum zai zauna ya rubuta da hannunsa yadda ya kusa hallaka: na fita da ƙarfe kaza, ban duba yanayin iska ba, injina ya mutu a wuri kaza, rigar kariyata tana cikin akwati ban sa ta ba, ga kuskurena na farko, ga na biyu. A wata mai zuwa wani dattijo ya aiko da wasiƙa ya ce shi ma a wannan wurin ya taɓa makalewa shekara 20 da suka wuce, ga abin da ya kamata a yi. Ta haka kuskuren mutum ɗaya yake zama ilimin mutum dubu, kuma yana nan a rubuce, wanda ya sayi jirgi bana zai iya karanta abin da ya faru bara.

Da na girma na soma taya Baba ciniki sosai, sai na lura mujallun sun rage zuwa, waɗanda suke zuwa kuma ba su kai na da kauri ba. Baba da ma'auninsa ya riga ni ganewa. Ya ce, "Takardar Turawa ta fara ƙarewa, yanzu da leda mai ƙuraje suke naɗe kaya." Wannan ya sa na shiga bin diddigin abin da ke faruwa, ga kuma abin da na fahimta.

Mujallar da ake bayarwa kyauta da talla take rayuwa. Dillalan jirage da masu gyara da masu sayar da fenti da igiya su ne suke biyan kuɗin takarda da bugu da mai kai ta shago-shago. To intanet ta zo ta fara cin wannan abinci ta ƙasa. Wanda zai sayar da jirginsa, maimakon ya biya kuɗi ya jira wata guda a buga masa layi uku, sai ya sa hotuna goma a Craigslist, daga baya kuma a kasuwar Facebook da aka buɗe a 2016, a ranar ya fara samun kira. Sai ga karyewar tattalin arziki ta 2008, wadda ta sa cinikin jiragen shaƙatawa ya faɗi warwas a Amurka, domin wanda ake neman ƙwace masa gida ba ya tunanin jirgi. Dillalai suka rufe, talla ta ƙara tsukewa. Lokutan cikar ruwa da hasashen iska kuma suka koma cikin waya. A 2020 cutar korona ta zo ta rufe shagunan da ake ajiye mujallun. Ga tsadar takarda da kuɗin aikawa ta gidan waya. Ga kuma tsufa, domin yawancin waɗannan mujallu mutum ɗaya ne ko mata da miji suke riƙe da su, ran da ƙarfinsu ya ƙare babu mai gado.

Misalai suna nan. A Ingila an rufe Motor Boats Monthly a 2014. A Amurka akwai wata 'yar ƙarama mai suna Messing About in Boats da wani dattijo Bob Hicks ya riƙa fitarwa daga jihar Massachusetts tun 1983, ya ajiye ta a 2022 yana da shekara sama da 90. Mujallar 48° North ta mutanen Seattle, wadda aka fara a 1981, ta tsira ne ta hanyar komawa hannun wata cibiyar koyar da harkar ruwa da ba ta neman riba a 2018. Kai, har uwar jaridun jiragen ruwa ta duniya, wato Lloyd's List ta Landan, wadda ake lissafin farkonta daga 1734, ta daina fita a takarda a watan Disamba na 2013, bayan masu ita sun ce waɗanda suka dogara da ta takardar ba su kai 2 cikin 100 na masu karatunsu ba. Hatta hukumar da ke zana taswirar teku ta gwamnatin Amurka ta janye taswirorinta na takarda irin na da, ta kammala janyewar a ƙarshen 2024. Wasu mujallun dai suna nan suna fafutika, amma kowa ya ga inda iska ta dosa.

Yanzu bari in faɗi hujjar masu cewa ba a yi asarar komai ba, domin hujja ce mai ƙarfi kuma ba zan ɓoye ta ba. Waya ta fi mujalla sauri. Idan hadari ya taso yau, mujallar da aka buga makonni uku da suka wuce ba ta da abin da za ta gaya maka. Taswirar da ke cikin waya tana nuna maka inda kake a daidai wannan lokacin, ta takarda kuwa sai ka yi lissafi. Mai sayar da jirgi ya huta da biyan kuɗin talla. Duk wannan gaskiya ne, kuma ni da nake wannan rubutu da waya nake yin sa, saboda haka ba ni da bakin zagin ta.

To amma akwai aiki biyu da ƙaramar mujalla take yi waɗanda har yau ban ga waya ta ɗauke su ba. Na farko, mujalla tana da mai ita, mutum sananne da ake iya tararwa a bakin ruwa a ce masa abin da ka buga ba haka yake ba, kuma dole wata mai zuwa ya gyara. Saƙon da ake turawa daga waya zuwa waya kuwa ba a san wanda ya fara shi ba, hoton haɗarin da ya faru a wata ƙasa shekara biyar da suka wuce sai a ce jiya ne a Ikorodu. Na biyu, mujalla tana kawo maka abin da ba ka nema ba. Ka ɗauke ta don ka duba farashin inji, sai idonka ya faɗa kan labarin wanda ya nutse saboda bai ɗaure rigarsa ba. A waya kuwa abin da ka tambaya shi ake ba ka, sabon shiga kuma bai ma san abin da ya kamata ya tambaya ba. Wanda bai san akwai ƙarfe a ƙarƙashin ruwa ba, yaya za a yi ya nemi inda yake?

A nan ne maganar ta iso gida. Su Turawa suna kukan rasa abin da suka mora shekara 40 ko 50. Mu fa? Ni dai tunda nake ware takarda ban taɓa riƙe wata takarda da Hausa ba wadda aka yi ta musamman don mai hawa jirgin fito, ko a Legas ko a Lakwaja ko a Yawuri. Alhali su don nishaɗi suke shiga ruwa, mu kuwa don dole. Mai kayan miya da ke tsallakawa daga Ikorodu don gudun cunkoson hanya, da mai shayi da mai yankan farce da mai gyaran takalmi da suke bin ƙauyukan da ke tsallaken Apapa, da masu kai shanu da albasa ta Kogin Kwara, duk ruwa suke bi. Mafi yawanmu kuma 'yan tudu ne, mun taso inda kogi yake ƙafewa da rani a yi wasan ƙwallo a cikinsa. In ka cire Sarkawa da masuntan Argungu da na Yawuri da makamantansu, mutum nawa ne a cikinmu zai iya iyo na minti biyar da kaya a jikinsa?

Kuma ba sai na tuna wa kowa abin da ruwa yake yi mana ba. A watan Mayu na 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Warra ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka fita. A watan Nuwamba na wannan shekarar jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Bagwai a jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su Mauludi. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. A watan Oktoba na 2024 wani jirgin ɗauke da kusan mutum 300 ya kife a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, su ma masu zuwa Mauludi. Idan ka bi bayanan da ake bayarwa bayan kowane ɗaya, kusan abu guda ake maimaitawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgin katako, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, babu rigar kariya. Tafkin Kainji tun da aka datse shi a 1968 ya haɗiye itatuwa da yawa, kututturansu suna nan suna jiran jirage. Wannan ilimi ne da ya kamata a ce kowane fasinja ya haddace shi, amma sai a yi jimami na kwana uku a wuce.

Ni wannan abu ya taɓa ni har cikin gida. Shekara uku da suka wuce wani ɗan kawuna ya zo ci-rani, yaro ne da bai kai 20 ba, Baba ya haɗa masa tiren goro da alewa da sigari yana tsallakawa da shi ƙauyukan da ke hayin ruwa. Bai fi wata huɗu da zuwa ba. Wata rana ciniki ya riƙe shi har bayan magariba, ya hau jirgin ƙarshe. Ruwa ya janye sosai a daren, jirgin ya daki ragowar wani tsohon jirgin ƙarfe da ya daɗe da nutsewa, ya tsage. Rigunan kariya suna nan a jibge a gaban jirgin, ba wanda ya sa. Mutum biyu aka rasa, har da shi. Sai washegari da hantsi masunta suka samo shi. Ni na riƙe wayar lokacin da Baba yake gaya wa Kawu, kuma ba na fatan in sake jin irin wannan shirun da ya biyo baya.

Bayan kwana bakwai na je mashigar, na tarar da wani dattijo Ba'ilaje da ya tsufa a tuƙin jirgi, na gaishe shi na tambaye shi yadda abin ya faru. Ya ce duk wanda ya daɗe a wannan ruwa ya san wannan ƙarfen, in ruwa ya cika ana wucewa ta kansa lafiya, in ya janye kuwa sai an zagaye shi, musamman a farkon wata da tsakiyarsa lokacin da janyewar ta fi tsanani. Ya ce matuƙin daren yaro ne sabo, bai yi wata biyu da karɓar jirgin ba. Na ce, "Baba, to me ya sa ba a gaya masa ba?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce wanda ya tambaya ake gaya wa. Na tsaya ina tuna shafin nan na lokutan cikar ruwa da nake karantawa ina yaro, na wani ruwa da ke can wata duniya, alhali na ruwan da ke bayan gidanmu yana cikin kan tsofaffi kawai. Hoton gawar yaron ya zagaya wayoyin 'yan unguwa na kwana biyu, kowa ya rubuta addu'a, daga nan zance ya mutu. Ƙarfen kuwa yana nan inda yake.

Wani zai ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, babu mai wuce ranarsa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Mu da muke kulle shago da kwaɗo uku kafin mu ce Allah Ya tsare, bai kamata a wajen rai ne kawai za mu ce a bar wa ƙaddara ba.

Wani kuma zai ce aikin gwamnati ne. Akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa mai hedikwata a Lakwaja, wadda aka kafa a 1997, jihar Legas ma ta kafa tata a 2008. Akwai dokar da ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar kariya. Sojojin ruwa suna fitar da jadawalin cikar teku na shekara. Amma duk da Turanci ne, kuma yaron da ya sauka daga motar shanu jiya bai san da zamansu ba. Su ma waɗancan mujallu na Amurka ai ba gwamnati ce ta kafa su ba. Masu shiga ruwan ne suka ga buƙata suka yi wa kansu.

Kada kuma a ce Bahaushe bai san ƙaramar jarida ta yanki ba. Bayan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939, a shekarun 1950 zamanin yaƙi da jahilci larduna sun sami nasu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Kakanninmu sun ga amfanin takardar da ke maganar garinsu kawai, a lokacin da masu iya karatun boko ba su kai na yanzu ba ko kusa. Mu ne muka bar abin ya wuce.

Saboda haka ga shawarata, kuma ba babba ba ce. Ban ce mu buga mujalla mai sheƙi ba, wadda ta gagari masu dala ma. Falle ɗaya nake nufi, gaba da baya, sau ɗaya a wata, da boko da ajami. A gaba a sa lokutan cikar ruwa da janyewarsa na watan. Wannan ma mu ya fi kowa sauƙi, tunda da wata muke lissafi: ruwan teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana, kullum yana jinkirtawa da kamar minti 50, kuma cikarsa da janyewarsa sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar. A sa lokacin tashin jirgin ƙarshe a kowace mashiga da kuɗin fito, don kada a cuci baƙo. A sa gargaɗin lokacin da ciyawar nan mai kama da kainuwa take toshe hanya tana naɗe farfelar inji, wadda ta addabi ruwan Legas tun 1984. A zana yadda ake ɗaure rigar kariya, domin wadda ba a ɗaure ba tana zamewa ta kai da zarar an faɗa ruwa. A baya kuma a rubuta duk haɗarin da ya faru a watan: a ina, da ƙarfe nawa, me ya jawo, ba tare da hoton gawa ba kuma ba tare da cin mutuncin kowa ba. A ƙasa a bar wuri don ƙananan tallace-tallace, mai neman yaron shago da mai sayar da janareta su biya kuɗin hoton takardar.

Inda za a ajiye ta ma ba abin wahala ba ne. Su Turawa shagon kayan jirgi suke kai tasu, mu kuwa muna da ƙofar masallaci da teburin mai shayi da fadar Sarkin Hausawa da tashar da motocin Arewa suke sauke mutane. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kamar yadda ake yi tun zamanin Gaskiya. A ɗauki hotonta a tura ta waya, a karanta ta da murya a tura wa waɗanda suka fi son saurare, duk ba laifi. Amma a tabbata akwai ta takardar manne a bango inda sabon zuwa zai gan ta ko bai nema ba, a kuma riƙa ajiye kofi ɗaya na kowane wata a wuri guda, don bayan shekara biyar mu iya cewa wuri kaza ya ci mutum kaza, mu je wa hukuma da hujja a hannu. Kuma dole mu je wurin Ilaje da Egun da Ijo mu zauna mu tambaye su cikin ladabi, domin su ne masu ruwan, mu baƙi ne a kansa.

Na san matsalar da za a fuskanta, ita ce dai wadda ta kashe na Turawan: mutum ɗaya zai ɗauki abin a kansa, ran da ya gaji ko ya koma gida shi ke nan. Don haka nake ganin tun farko a rataya shi a wuyan ƙungiya, ko ta matasan unguwa ko kwamitin masallaci, kamar yadda mutanen Seattle suka ceci tasu. Ni dai na ɗauki alkawarin tattara lokutan ruwa da zagaya mashigan da ke kusa da mu a nan Apapa. Ina neman wanda hannunsa ya faɗa a ajami, da wanda yake da injin hoton takarda zai yi mana rangwame. Na gaya wa Baba wannan shiri, ya yi shiru, sannan ya ce, "In kun buga, ku kawo mini guda in manna a ƙofar shago. Wannan kam ba zan sayar wa mai tsire ba."

'Yan uwa na Anacha da Lakwaja da Makurɗi, ku ma ruwanku daban ne, ku kuka san tudun yashinsa da lokacin da yake kawowa, sai ku duba abin da ya dace da ku. Kafin nan dai ina roƙon duk wanda zai hau jirgi gobe ya karɓi rigar nan ya ɗaure ta ko da tana wari, kuma in magariba ta yi masa a hayi ya nemi masallaci ya kwana. Wanda yake da ƙani ko yaron shago sabon zuwa, ya zaunar da shi ya gaya masa wannan tun kafin ya miƙa masa tire.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya ba iyayensu haƙuri, mu kuma Ya kiyaye mu a tudu da ruwa. Wanda ya ga kuskure a abin da na faɗa ya gyara mini, ɗan Adam ne ni. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu.